Kuturta Ba Ta Cin Yatsa



Shugaba, dattawa, malamai, iyayenmu mata, da 'yan'uwanmu talakawa na kasuwa da na gona, barkanmu da haɗuwa. Mun gode da kuka kulle rumfuna da wuri, kuka bar ciniki kuka zo. Maganar da ta tara mu yau irin wadda a kan yi ƙasa da murya ce in za a yi ta, amma mu za mu faɗe ta da ƙarfi, gama ɓoye ta bai taɓa warkar da kowa ba. Maganar kuturta ce, da abin da masu bincike suka gano game da nakasar da ta ke bari a hannu da ƙafa da ido, da kuma rabon aikin da ya faɗo a kanmu.

Kowa a cikinmu ya tashi ya tarar ana cewa kuturta cin yatsu ta ke yi, wai naman ne ke ruɓewa yana zubewa da kansa, ba mai iya tsai da shi. To, an auna wannan magana, an ga ba haka ta ke ba. Wanda ya san gaskiyar abin zai ci gaba da riƙe fartanyarsa. Wanda bai sani ba shi ne ke ƙarewa a bakin masallaci da ƙoƙo.

MENE NE ASALINTA?

Waɗansu sun ce gado ce, shi ya sa in maganar aure ta taso a kan bi asali har kaka da kakanni. Waɗansu sun ce tsaka ce ta faɗa a abinci. Waɗansu kuwa sun ce kifi aka ci aka bi da nono. Babu ko ɗaya. Tun cikin 1873 wani likita na ƙasar Norwe, Armauer Hansen, ya ga ƙwayar cutar da madubin likita. Ƙwaya ce mai rai, 'yar'uwar wadda ke kawo tarin fuka. Tana fita daga hanci da bakin wanda bai fara shan magani ba, kuma sai an yi watanni ana zama tare kafin ta kama wani. Cikin mutum 100, wajen 95 jikinsu ya kan kashe ta ba su ma san ta shiga ba. Wanda ta kama kuwa, ta kan yi shekara 5 tana kwance, wani lokaci har 20, kafin alama ta fito. Gaisawa ba ta sa a ɗauka, haka cin tuwo a kwano ɗaya, haka karɓar kuɗi daga hannu.

Mu a Hausa mu kan ce jijiya, mu haɗa abu uku. Akwai jijiyar jini. Akwai agara, wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi, kowane mahauci ya san ta. Akwai kuma jijiyar ji, wata farar igiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa da laka ta bazu cikin jiki kamar wayar tangarahu. Wannan ta uku ita kuturta ke nema. Ƙwayar tana son wuri mai sanyi, saboda haka sai ta zauna inda jijiyar ta matso kusa da fata, watau gwiwar hannu, da wuyan hannu, da gefen gwiwa, da idon sawu, da fuska.

Jijiyar ji aiki uku ta ke yi. Ita ke kai labarin zafi ga ƙwaƙwalwa, ita ke kai umurni ga tsoka ta motsa, ita ke sa fata ta yi gumi ta yi laushi. In ta mutu an yi hasara uku ke nan: wurin ba ya ji, tsoka ta shanye har yatsu su lanƙwashe, fata kuma ta bushe ta tsage.

Magani ya fara samuwa cikin 1941 a wani asibiti da ke Carville, ƙasar Amurka, amma allura ce. Ɗaya daga cikin manyan wuraren da aka tabbatar cewa ƙwayar dafson mai arha ana iya haɗiye ta da ruwa ta yi aiki, a ƙasar nan ne, a Uzuakoli cikin Jihar Abiya ta yanzu, a hannun Likita John Lowe, ƙarshen shekarun 1940. Cikin shekarun 1950 aka baza raba ta a ɗakunan shan magani na Arewa. Amma fa sai ga abin mamaki. Mutum ya sha magani, an auna an ga cuta ta mutu, duk da haka yatsunsa suna ta gajarta, gyambon ƙafarsa ya ƙi rufewa. In cuta ce ke ci, to, wa ke ci bayan ta mutu?

LIKITAN DA YA RIƘA ƘIRGA YATSU

Amsar ta fito daga kudancin Indiya. Akwai wani likitan fiɗa, Paul Brand, asalinsa Ingila amma a Indiya aka haife shi cikin 1914. Kafin ya koyi likitanci sai da ya koyi gini da kafinta. Cikin 1946 ya kama aiki a asibitin koyarwa na garin Vellore, sai wani babban likitan kuturta, Robert Cochrane, ya kai shi ya ga hannuwan marasa lafiya. Brand ya duba littattafan fiɗa ya tarar kusan ba wanda ya kula da waɗannan hannuwa, domin duk an ɗauka naman mugu ne, in an yanka ba zai haɗu ba.

Abin da ya buɗe masa ido ƙaramin abu ne. Wata rana ya yi ta fama da wani kwaɗo mai tsatsa, mabuɗi ya ƙi juyawa. Wani yaro mara lafiya, ɗan kamar shekara 10, ya karɓa ya murɗa sau ɗaya, kwaɗo ya buɗe. Likita yana cikin mamakin ƙarfin yaron sai ya ga jini a ƙasa. Ashe mabuɗin ya yanka yatsansa har ƙashi, shi kuwa bai sani ba. Da ni ne ko kai, zafi ne zai sa mu saki tun fata ba ta fashe ba. Yaron nan ba shi da mai ce masa bari.

Daga nan likita da mutanensa suka ɗauki hanyar da kowane ɗan kasuwa zai gane, watau ƙirga kaya. Suka riƙa auna yatsun samarin da ke zaune tare da su, suna zana siffarsu a takarda, kowace yamma a duba hannu da ƙafa. Duk rauni, komai ƙanƙantarsa, sai an nemo dalilinsa. Wannan ƙotar fartanya ce mai sartse. Wannan tukunya ce mai zafi. Wannan ƙwan fitila ne da bayan hannu ya goga sa'ad da a ke kashe ta. Raunukan da suka fi ba su wahala su ne waɗanda ke fitowa da dare, mutum ya kwanta da yatsa ya tashi da guntu. Da aka yi tsaro sai aka kama ɓarawon, ashe ɓera ne ke gaigaya mai barci bai farka ba. Tun daga nan wanda aka sallama a kan haɗa shi da kyanwa.

Suka kuma gane yadda yatsa ke gajarta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rauni ya samu, mai shi ya ci gaba da aiki da shi tun da ba ya jin komai, ƙazanta ta shiga ta kai ga ƙashi, ƙashi ya rududduge, jiki ya tsotse shi kaɗan kaɗan. Shi ya sa sau da yawa za ku ga ɗan farce a kan dungu. Yatsan bai faɗi ba, janyewa ya yi, kuma rauni ne ya janye shi. Naman mai kuturta in an tsare shi an hutar da shi warkewa ya ke yi kamar na kowa.

GYARAN HANNU DA IDO

Da aka tabbata nama yana haɗuwa, sai ƙofar fiɗa ta buɗe. Brand ya auna hannuwa masu yawa ya ga ba dukan tsoka ke shanyewa ba, akwai waɗanda cutar ta kan bari da ƙarfinsu. Kafin 1950 ya fara sauya wa agara wuri. Dabarar da ya shahara da ita daga baya ita ce a ɗauki tsoka mai lafiya daga cikin masu motsa wuyan hannu, a ƙara mata tsawo da agara, a tsaga ta huɗu, a kai kowane reshe ga yatsa guda. Bayan ɗinki ya warke sai a yi makonni ana koya wa mutum amfani da ita, har hannun da ya dunƙule ya buɗe ya kama abu. Haka a ke yi wa ƙafar da ta saki tana jan ƙasa.

Matarsa, Likita Margaret Brand, ita ta ɗauki aikin ido. An gane yawancin makantar da ke bin kuturta daga rashin ƙiftawa ta ke. Fatar ido ta kasa rufewa, ko idon ya daina jin ƙura, sai ya bushe ya yi miki. Likitocin can suka yi amfani da wata dabara, a jawo tsokar tauna da ke gefen kai a haɗa da fatar ido, in mutum ya cije haƙori ido ya rufe.

Amma ku saurari abin da ya biyo baya, jama'a, gama nan ne maganar ta shafe mu. Wani daga cikin mutanen farko da aka gyara wa hannu ya komo wurin likita a rame. Da can da hannunsa a dunƙule a kan ji tausayinsa a ba shi sadaka. Yanzu hannu ya miƙe, sadaka ta ragu, ba kuwa wanda ya yarda ya ɗauke shi aiki. Ashe wuƙar likita rabin aiki ce. Saboda haka wajen 1950 aka gina ɗan ƙauye kusa da asibitin ana koya musu sana'a, kafinta da sauransu, aka sake wa kayan aiki ƙota mai kauri da santsi, aka koya musu riƙe ƙusa da filaya maimakon yatsa.

ƘAFA DA TAKALMI

Gyambon tafin ƙafa shi ya fi komai taurin kai. A asibitin bincike na Karigiri, wanda aka buɗe kusa da Vellore cikin 1955, aka yi ta gwada takalma iri iri. Aka ga mai lafiya in ya yi tafiya mai nisa ya kan sauya taku bai ma sani ba, in wuri ya fara zafi sai ya yi ɗingishi ya huta. Wanda ƙafarsa ta mutu kuwa wuri ɗaya ya ke dannawa tun safe har dare. Daga baya aka gwada abin a tafin ɓeraye, aka sa na'ura tana danna shi a hankali sau dubbai a rana. Dannawa ɗaya ba ta yin komai, amma bayan 'yan kwanaki sai wurin ya yi ɗumi, ya kumbura, ya fashe. Watau ba lalle sai an taka ƙaya ko ƙusa ba, tafiyar yau da kullum ta isa.

Magani biyu suka fito daga nan. Na farko, a rufe ƙafa mai gyambo cikin filasta irin ta karaya, nauyi ya bazu a kan ƙafar duka, cikin kamar mako 6 gyambon shekaru ya kan rufe. Na biyu, takalmi mai taushin ciki da taurin ƙasa, wanda ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa. A farkon shekarun 1960 suka fara yin wata roba mai laushi a Karigiri domin shimfiɗar ciki, ƙasan kuwa ko tsohuwar tayar mota ta wadatar. Wannan aiki ne da dukawanmu da masu yankan takalmin taya za su iya in an nuna musu.

Abu ɗaya ya gagara. An yi ƙoƙarin ƙera safa mai ƙararrawa wadda za ta yi wa mutum gargaɗi in ya matsa da yawa. Ba ta ci nasara ba, domin in aiki ya yi aiki sai mai ita ya kashe ta ya ci gaba. Zafi na gaskiya ba a kashe shi, wannan ne amfaninsa. Tun da fiɗa ba ta mayar da ji inda ya riga ya mutu, dole ido ya karɓi aikin da zafi ya bari.

Cikin 1966 Brand ya koma Carville, a can aka ga ilmin nan ya wuce kuturta. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ciwon suga ma yana kashe jijiyar ƙafa, gyambonsa kuwa hanya ɗaya ya ke bi har a kai ga yanke ƙafa. Yau a asibitocin suga na duniya ana taɓa tafin ƙafa da wani siririn zare mai nauyin giram 10, in mutum bai ji ba an san ƙafarsa tana cikin haɗari. Filastar nan da takalmin nan duk sun shiga aikin masu suga. Wane ne a cikinmu ba shi da mai suga a gida ko a layin rumfarsa?

INA MU KE YAU?

Dafson ita kaɗai ta zo ta fara kasawa, sai cikin 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa magani uku, dafson da rifamfisin da kulofazimin. Na ukun ma a Uzuakoli aka fara gwada shi ga masu kuturta, farkon shekarun 1960. Ana shan su wata 6 ko wata 12, a warke sarai, kuma da zarar an fara sha mutum ya daina sa wa wani. Tun 1995 kyauta ne a duniya duka. Cikin 1998 Nijeriya ta sauko ƙasa da mutum 1 cikin 10,000, sai mutane suka ɗauka an gama. Ba a gama ba. Har yanzu a kan sami sababbin kamu kusan 200,000 a duniya kowace shekara, a ƙasar nan kuwa wajen 2,000, da yawansu ba sa zuwa sai nakasa ta riga ta bayyana.

Ga abin da za ku riƙe ku kai gida. In an ga tabo a fata wanda ya fi sauran jiki haske ko ja, ba ya ƙaiƙayi, kada a ce kyasbi ne a bari. A sa mai shi ya rufe ido, a taɓa wurin da ɗan auduga. In bai ji ba, a tafi asibiti a makon nan. In jijiya ta yi zafi ko yatsa ya fara saki, ko da ana cikin shan magani, a koma da gaggawa, gama akwai ƙwaya ta rage kumburi wadda ta kan ceto jijiyar in ba a wuce wata 6 ba.

Wanda hannunsa ko ƙafarsa ta riga ta mutu, aikinsa na kullum ke nan. Ya duba su safe da yamma, har tsakanin yatsu. Ya jiƙa cikin ruwa mara zafi, ya goge kanta da kaushi da dutse a hankali, ya shafa man kaɗanya ko basilin tun fata tana da danshi. Ya miƙe yatsu kada su ƙage. Ya zazzage takalmi kafin ya sa. Mace ta ɗauki tukunya da tsumma mai kauri, ta yi nesa da bakin murhu. In wuri ya yi ɗumi ko ja, a huta ran nan, kada a jira ya fashe. A Habasha tun 1995 aka fara haɗa masu wannan lalura ƙungiya ƙungiya, su taru a gidan ɗayansu su duba ƙafafun juna. Mu da muka iya adashi, wannan ba zai gagare mu ba.

HAKKIN DA KE KAN HUKUMA, DA WANDA KE KANMU

Ilmin nan ya fi shekara 60 da samuwa, kuma ba mai tsada ba ne. Duk talakan da ya rasa yatsa yau, ba ƙaddara kaɗai za a tambaya ba. Cikin 2024 maganin ya yanke a Nijeriya kusan shekara guda saboda tsaikon takardun shigo da shi, sai a watan Maris na 2025 ya iso. Magani ne na kyauta, jijiya kuwa ba ta jiran sa hannun ma'aikaci. Muna neman kada a sake. Muna neman a kula da tsofaffin asibitocin nan da iyayenmu suka sani, Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato, Saye a Zariya, a sa musu likitocin fiɗa da masu koyar da motsa gaɓoɓi. Muna neman a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane tabo da auna jijiya, a kuma koya wa masu takalmi na kowace kasuwa ɗinkin takalmin kariya. Akwai doka da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019 wadda ta hana nuna wa nakasassu bambanci, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na aikin gwamnati. Ku san da ita, ku riƙa tambayar inda aka kwana.

Amma akwai abin da ba gwamnati ce za ta yi ba. Me ke sa mutum ya ga tabo ya rufe shi da riga har shekara uku? Tsoronmu ya ke ji. Yana tsoron a daina sayen ƙosan matarsa, a fasa auren 'yarsa, a matsa daga gare shi a sahu. Kowane watan da ya ɓoye, jijiya tana mutuwa. Ashe ƙyamarmu ma tana cikin abin da ke cin yatsun nan.

Saboda haka, 'yan kasuwa, ƙarashen maganin yana hannunku. Wanda ya sha magani ya warke, ko yatsunsa sun gajarta, ba ya ɗauke da cuta, tabo ne kawai irin na ƙuna. Ku saya a wurinsa. Ku ba shi kaya bashi kamar yadda ku ke ba kowa. Sarkin kasuwa ya ba shi rumfa a tsakiya, ba can bayan juji ba. Mai koyar da sana'a ya karɓi ɗansa. Sadaka tana da lada, ba mu hana ba, amma sadaka ta kan ciyar da mutum yini guda, ciniki kuwa ya kan mayar masa da mutuncinsa a gaban iyalinsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare masu lafiya, ya sa albarka a kasuwanninmu.